Kawu da Hukuncin Tabaraun Duhu

Ranar da muka fara zaman makokin Kawu, an jera kujeru a lungun gidansa da ke unguwar Hindawiyya, ba nisa da Harami, tun daga bakin ƙofa har kusa da shagon mai burodi. Bayan sallar magariba mutane suka fara zuwa. Mu dangi muna tsaye a layi, kowa ya zo ya dafa kafaɗarmu ya ce, "Azzamallahu ajrakum," wato Allah Ya girmama ladanku, ya wuce ya zauna, a miƙa masa gahawa da dabino. Tsofaffin da suka yi aikin alhazai tare da shi suka zo da sandunansu. Ɗaya daga cikinsu, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta faɗa da ƙarfi cewa tun suna samari bai taɓa jin Kawu ya rage ko ya ƙara a maganar da aka ba shi ya fassara ba, ko da kuwa zagi ne. A cikin gida, inji Inna mahaifiyata, matan unguwar Mansur masu sayar da abinci ne suka cika tsakar gida, wasu ma ba ta san su ba, kowacce da labarin takardar asibiti ko ta makaranta da ya taɓa karanta mata.

Maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda suka shekara suna gaisawa sama-sama saboda wata rigima da zan faɗa nan gaba, ya zauna can baya ya rufe fuskarsa da mayafin kansa. Kafaɗunsa ne kawai suke motsi.

Ƙanena bai iya tsayuwa a layin ba. Ya shige ɗakin Kawu ya zauna a gaban teburin da ke tsakiyar ɗakin, ya ƙi fitowa. Wani dattijo daga masallacin unguwa ya tambaye ni ina yake, sannan ya ƙara da cewa, "Wai ni kam, me kuke yi a ɗakin marigayi kowace Juma'a? Karatu yake ba ku?"

Na ce, "Wasa muke yi, Baba."

Ya dube ni kamar na faɗi abin da bai kamata ba a kan mamaci. "Wasa? Wannan mutumin?"

Ban iya yi masa bayani a wurin ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, da Hausar da Kawun ne ya tilasta mini riƙe ta.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Yana ƙaramin yaro iyayensu suka taso da shi daga Kano zuwa aikin hajji, suka zauna ba su koma ba. A nan aka haifi Inna. Amma akwai ƙaninsa, jariri a lokacin, wanda aka bari a hannun kakarsu da niyyar za a dawo a ɗauke shi. Ba a dawo ba. Ya girma a Kano, ya yi aure, ya haihu, ya rasu, sau biyu kacal suka ga juna da Kawu. In aka ambaci wannan ƙanen, Kawu yakan shiga gyara zaman tabaraunsa.

Kawu tafinta ne. Ya yi aiki da masu kula da alhazan Afirka har ya tsufa, yana juya magana tsakanin Larabci da Hausa da Turanci. Ɗabi'ar aikin ta bi shi har gida. In ka kawo masa takarda, sai ya karanta ta a fili, ya sake karanta ta a zuci, sannan ya ɗago. In kai ne kake karanta masa, ka kuskura ka taƙaita, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A'a. Karanta mini yadda aka rubuta, ba yadda ka fahimta ba." Allah bai ba shi ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata duk sun yi aure, saboda haka mu ne muke cika masa gida. Abu ɗaya ne yake haɗa mu faɗa da shi: harshe. Mu haifaffun nan Larabci ne a bakinmu, Hausa sai in Inna ta yi fushi. In muka ce masa "Hali," wato kawu da Larabci, sai ya waiga bayansa ya ce, "Wa ake kira? Ni dai Kawu ne."

Wasan kuwa ƙanena ne ya zo da shi daga Jidda, a farkon shekarun 2010, lokacin yana jami'a. Wasan labari ne da ake yi a zaune kewaye da tebur. Mutum ɗaya ne mai ba da labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya faru. Sauran kowa yana da jaruminsa guda, shi ke faɗin abin da jarumin zai yi. In abin yana da haɗari, kamar tsallake rami ko harbin kibiya, sai a jefa 'ya'yan ludo masu fuskoki da yawa, lambar da ta fito ita za ta nuna an yi nasara ko an faɗi. Akwai kuma wani ƙaton littafi na Turanci da ya ƙunshi dokokin. Mahaifinmu ya gani sau ɗaya ya ce ba a gidansa ba. Muka kwashi kayanmu muka nufi Hindawiyya.

Kawu ya karɓi littafin ya riƙe shi mako guda. Da muka dawo ya ce ya yarda, bisa sharaɗi biyu. Na farko, ba a ambaton sihiri a ɗakinsa, duk abin da littafin ya kira haka mu kira shi kayan al'ajabi. Na biyu, da Hausa za a yi. Duk wanda Larabci ya kuɓuce masa, jaruminsa ya yi tuntuɓe ya faɗi.

Ƙanena ya ce, "Kawu, wallahi ban san sunan rabin abubuwan nan da Hausa ba."

"Shi ya sa nake zaune a nan," inji shi.

Haka aka fara. Kowace Juma'a bayan la'asar, ni da ƙanena da abokanmu biyu 'yan unguwa, Kawu yana gefe a kan kujerarsa da shayin na'ana'a. Bai taɓa ɗaukar jarumi ba. Shi dai ba da kalma da yanke hukunci. A bakinsa na fara jin kwari da baka, da sulke, da ganuwa, da kurkuku. In gardama ta tashi a kan doka, a miƙa masa littafi, ya karanta sau biyu, ya faɗi abin da ya gani, magana ta ƙare.

Rigimarsa da maƙwabci a kan 'ya'yan ludon ce. Mutumin ya leƙo wata rana ya ga ana jefa su, ya fita bai ce komai ba, sai ga maganar a masallaci, wai ana caca a gidan tafinta. Kawu ya ji zafin abin ƙwarai. Ya same shi har gida ya ce masa, "Da ka tambaye ni kafin ka tambayi jama'a." Amma da ya dawo sai ya ce mana, a kan 'ya'yan ludon dai mutumin yana da hujja, malamai sun yi magana a kansu, kuma shi ba zai yi jayayya da wannan ba. Ya sa matarsa ta tara masa ƙwallayen dabino, ya wanke, ya rubuta lamba a jikin kowanne daga ɗaya zuwa ashirin, ya zuba a wata tsohuwar hularsa. Daga ranar, in ana neman lamba, sai mutum ya kau da kai ya zura hannu a hula. Ya gyara abin da aka yi ƙorafi a kai, amma bai yafe yadda aka yi ƙorafin da wuri ba. Haka yake. Yana iya ba ka gaskiya yana kuma fushi da kai.

Ana cikin haka taubashinmu ya iso daga Kano, ɗan wancan ƙanen da aka bari. Ya girme ni kaɗan. Ya zo da bizar aiki, wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi, suna fasa duwatsu a wajen da ake faɗaɗa hanyoyi. Kawu ya je da kansa ya ɗauko jakarsa daga masaukin ma'aikata ya ce ɗan ƙaninsa ba zai kwana a ɗakin mutum goma ba alhali yana da rai. Ya ba shi ɗakin da ke saman bene. Na sha ganin Kawu da sassafe yana dawowa daga Mansur da ƙunshin waina, wai yaron bai saba da ful da tamis, wake da gurasar da ake karyawa da su a nan, ba tukuna.

Taubashin ya shiga wasan a Juma'arsa ta biyu, kuma nan da nan ya fi mu duka. Hausa tasa ce, ba ya laluben kalma. Ya zaɓi jarumi daga wata al'umma ta gajerun mutane masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin duwatsu, ya ce ai wannan abokin aikinsa ne. Ya ba shi murya, ya ba shi tari irin na wanda ya shaƙi ƙura, ya ba shi uwa da yake aika wa saƙo. In yana magana da bakin mahaƙin nan, Kawu har ajiye kofin shayi yake yi. Mutumin da yake wuni shida a mako ana kiransa da "kai" ana nuna masa inda zai ɗora dutse, ranar Juma'a shi ne gaban tawaga, shi ake jira ya ce a shiga ko kar a shiga.

Sai dai tun farko akwai abin da bai zauna daidai ba tsakaninsa da ƙanena. A Kano, ɗan namiji yakan tsokani ɗan mace ya ce masa bawansa, wasan taubasai ne, ba a ɗauka da zafi. Ranar da ya fara ce wa ƙanena "bawana," yana dariya, na ga fuskar ƙanena ta canja. Mu da muka tashi baƙaƙe a makarantun garin nan mun san wannan kalmar da Larabci, mun san yadda ake jifan mutum da ita a filin ƙwallo. Kawu ya yi wa kowannensu bayani daban. Dukansu suka ce sun gane. Taubashin ya daina faɗa, amma ya koma ce mana 'yan takari in an yi raha. Ƙanena kuma ya ƙi kiransa Yaya, in ya ji haushi sai ya juya gare mu ya yi magana da Larabci da sauri, yadda ya san ɗayan ba zai kama ba.

To, ga yadda maganar tabarau ta taso. Littafin ya ce mutanen su mahaƙin ana haifarsu da gani a duhu, har nisan ƙafa sittin. Can cikin labari kuma mahaƙin ya tsinci wani tabarau na al'ajabi a cikin akwati, wanda littafin ya ce yana ba mai sanye da shi gani a duhu har ƙafa sittin. Taubashin ya yi murna, ya sa wa jaruminsa, ya riƙa cewa yanzu shi kam ya fi mujiya. A lissafinsa sittin da sittin sun zama ɗari da ashirin. Ba wanda ya ce masa eh, ba wanda ya ce masa a'a. Aka yi watanni a haka, domin ba a shiga wurin da nisan zai yi amfani ba.

Sai wata Juma'a tawagarmu ta shiga wani dogon kogo, mahaƙin yana gaba. Ƙanena, wanda shi ne mai ba da labari, ya ce kibiya ta fito daga duhu. Aka zura hannu a hula, lamba ta fito mummuna. Kibiya ta biyu ma haka. Mahaƙin da aka yi kusan shekara biyu ana tafiya da shi ya faɗi matacce.

Taubashin ya ce, "Tsaya. Maharbin yana ina?"

"Ƙafa casa'in daga inda kake."

"To ai na gan shi. Ina gani har ɗari da ashirin. Da na gan shi da na fake."

"Sittin kake gani," inji ƙanena. "Ba a jibga su. Doka ta ce amfani biyu iri ɗaya ba sa haɗuwa, wanda ya fi girma ake ɗauka."

"Iri ɗaya ta yaya? Ɗaya da shi aka haife shi, ɗaya a akwati ya tsinta. Ido daban, gilashi daban!"

Ƙanena ya juya gare ni ya ce wani abu da Larabci, ma'anarsa wai mutum ya zo jiya yana koya wa mutane littafin da ba ya iya karantawa. Bai san taubashin ya kwashi Larabci a wurin aiki fiye da yadda muke zato ba. Ya ji sarai. Kawu ya miƙa hannu aka ba shi littafin, ya ce kowa ya tafi gida, sai Juma'a mai zuwa.

A makon nan na je wurinsa sau da yawa, domin idonsa ya fara rauni, ƙananan rubutu sai an karanta masa. Ban taɓa ganin ya wahala da wata takarda kamar yadda ya wahala da shafukan nan ba. Ya ce matsalar tana cikin "iri ɗaya." Marubucin bai faɗi abin da yake nufi ba: iri ɗaya ta wajen abin da suke yi, ko iri ɗaya ta wajen inda suka fito? In ta wajen aiki ne, ƙanena ya yi daidai, duka biyun gani a duhu ne. In ta wajen asali ne, taubashin ya yi daidai. Ya sa na bi littafin kaf ina nemo masa duk inda aka ambaci gani. Muka samu fitila, muka samu zobe, sannan muka samu wani maganin ido da Kawu ya fassara da kwalli. A kan kwallin marubucin ya rubuta cewa wanda dama yana gani a duhu, nisan ganinsa yana ƙaruwa.

Kawu ya ce, "Sake karanta na tabarau."

Na karanta. "Yana ba da."

"Na kwalli fa?"

"Yana ƙaruwa."

Ya jingina da kujera ya rufe ido. Ya ce, "Mutumin nan ya san kalmar ƙari. Inda yake son ta ya sa ta. A tabarau bai sa ba." Sannan ya ce, "Ban so haka ba."

Na ce masa, "Kawu, wasa ne fa. Ka ce ya suma kawai, a wuce wurin."

Ya buɗe ido ya dube ni. "In na karkata yau saboda ɗan ƙanena ne, gobe in na yi hukunci wa zai yarda da ni? Shi kansa ba zai yarda ba."

Ranar Juma'a ya faɗi hukuncinsa a gaban kowa, da hujjarsa, dalla-dalla. Ba a haɗa su. Sittin ne. Sannan ya juya ga ƙanena ya yi masa faɗan da ban taɓa jin ya yi wa wani ba. Ya ce, "Ka ji shi da kunnenka yana cewa ya fi mujiya. Ka san yadda ya fahimta. Ranar ya kamata ka gaya masa, ba ranar da kibiya ta same shi ba. Ka ajiye doka a aljihu kana jiran ranar da za ta yi maka amfani. Kuma a ɗakina ka zagi yayanka da harshen da na hana." Ƙanena ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan takardunsa.

Taubashin ya saurara har aka gama. Sannan ya ce, "To Baba, ya mutu ko bai mutu ba?"

Kawu ya ce, "Ya mutu, ɗana. Ka ɗauki wani, a ci gaba."

"Shi ke nan, Baba. Na gane." Ya miƙe. "Shi an yi masa faɗa, ni an kashe mini. Ɗan ƙasa da lebura ai ba za su zo ɗaya ba."

Kawu ya kira shi, bai juyo ba. Kafin wata ya ƙare ya kwashe kayansa daga saman bene ya koma unguwar Nakkasa, can kan dutse, wurin wasu abokan aikinsa. Ya ce wai ya fi kusa da inda mota take ɗaukarsu. Yana zuwa gaisuwa jefi-jefi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ƙi shayi, ya tafi. Kawu ya hau Nakkasa da ƙafarsa, da ciwon gwiwarsa, ya same shi ya ce ya dawo gida. Ya ce, "In sha Allahu, Baba." Bai dawo ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, aikin kamfaninsu ya ƙare, ya rabu da kafilinsa, wato wanda iƙamarsa, takardar izinin zamansa, take hannunsa, yana ta buga-buga a wurin wasu. A shekarar ce aka ba ma'aikata wa'adi su gyara takardunsu kafin a tsananta bincike. Kawu ya san hanyar abin ciki da waje, ya gyara wa mutanen da bai haɗa komai da su ba. Ɗan ƙaninsa bai gaya masa ba. Da wa'adi ya cika aka kama shi a hanyar aiki. Labari ya iso mana a makare. Na tuƙa Kawu zuwa inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, a hanyar Jidda, yana rungume da jakar kaya da dabino da sabon takalmi. Muka wuni a rana. Daga ƙarshe wani ma'aikaci ya duba ya ce an riga an tafi da shi.

Muka kamo hanyar dawowa har muka shigo gari. Ya ce, "Da yana saman bene da na gani a fuskarsa. Da na tambaye shi iƙamarsa." Can kuma ya ce, kamar ba da ni yake ba, "An bar uban, yanzu an mayar da ɗan."

Wasan bai mutu nan take ba, amma bai ƙara daɗi ba. Kawu yana zama, yana ba da kalma, sai dai in gardama ta tashi ya ce mu daidaita a tsakaninmu. Wata rana ƙanena, da nufin ya sanyaya masa rai, ya zo da waya ya ce ya samu wani zaure a intanet inda masu wasan daga ƙasashe suke tattauna wannan tambayar, kuma da yawa sun faɗi abin da Kawu ya faɗa. Kawu ya ce a karanta masa. Ƙanena ya karanta na masu goyon bayansa ya tsaya.

"Saura," inji Kawu.

"Sauran ba su da hujja sosai."

"Karanta mini yadda aka rubuta."

Ya karanta. Ashe kusan rabi suna ganin ana haɗawa, wasunsu da hujjar taubashin ce tsaf, cewa baiwar haihuwa da kayan sawa ba iri ɗaya ba ne. Wasu kuma suka ce littafin bai yanke ba, mai teburi ne zai zaɓi abin da ya fi wa mutanensa. Kawu ya sa aka maimaita masa wannan na ƙarshen. Maimakon sanyi, abin ya zame masa sabon ciwo. Ya ce, "Ashe ina da zaɓi. Na zauna mako guda ina neman abin da Bature yake nufi, ban zauna awa ɗaya na tambayi yaron me mahaƙin nan yake a wurinsa ba."

Na ce masa hukuncinsa daidai ne, har yau ma ina ganin daidai ne. Ya ce shi ma bai ce kuskure ba ne, kuma abin da ya hana shi barci ke nan. Da kuskure ne da ya janye ya ba da haƙuri. Ya riƙa dawowa kan maganar a wuraren da ba a zato. Muna cin abinci sai ya ce, "Amma fa da a ce tabaraun a kan ido yake aiki, ba a madadin ido ba..." Matarsa takan ce, "Malam, don Allah ka bar tabaraun nan haka." Wani lokaci ya kare hukuncin da zafi kamar ana jayayya da shi, alhali ba wanda ya ce komai. Wani lokaci ya rushe shi da kansa.

Kowace Sallah yana kiran Kano. Taubashin yana ɗauka, ya gaishe shi da ladabi, lafiya lau Baba, iyali lafiya, ya samu aikin tuƙa a-daidaita-sahu, alhamdu lillahi. Ba ya wuce haka. Sau ɗaya, ina zaune, Kawu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ɗana, game da maganar tabaraun nan..."

"Haba Baba, wasan yara. Ni na ma manta."

Da aka kashe waya Kawu ya riƙe ta a hannu ya daɗe. Ya ce, "Bai tambaye ni wane tabarau ba."

Ya nemi hanyar da zai dawo da taubashin ko da umara ce, aka ce wanda aka mayar sai ya cika wasu shekaru kafin ya sake shigowa. Ya yi niyyar zuwa Kano da kansa, ya fara shiri, sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi, wankin jini ya ɗaure shi a garin. Shekarun ba su cika ba ya rasu, a ƙarshen shekarun 2010, da hantsi, matarsa da Inna suna gefensa. Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi maƙabartar Shara'i.

Ni aka ɗora wa kiran Kano. Da na faɗa wa taubashin, ya yi salati, sannan na ji ƙarar titi ta ragu, kamar ya gangara gefen hanya ya kashe mashin.

Ya ce, "Ya yi maganata?"

Na gaya masa gaskiya, domin Kawu ba zai yarda in ƙara ba. Na ce a kwanakin ƙarshe bai yi maganar kowa ba, ruwa yake tambaya da lokacin salla. Amma kafin nan, shekara da shekaru, babu makon da bai yi ba. Na gaya masa zuwanmu hanyar Jidda da jakar kaya. Ashe bai taɓa sani ba. Ba wanda ya gaya masa, Kawu kuma bai ga abin faɗa a ciki ba tunda bai same shi ba.

Sai ya fashe da kuka, irin kukan babban mutum da ba ya fita da daɗi. Yana cewa, "Na ɗauka ba wanda ya zo. Wallahi na ɗauka ba wanda ya zo. Kullum ina cewa Sallah mai zuwa zan yi masa magana sosai."

Da ya natsu ya roƙe ni abu ɗaya, in je in ɗauko masa hoton kabarin. Na je bayan an tashi daga makoki. Wanda ya san maƙabartun garin nan ya san ba a rubuta suna. Fili ne shimfiɗe, da ƙananan duwatsu a jere, kuma a 'yan kwanakin nan an ƙara wasu a layin. Ranar jana'iza cikin mutane nake, ido cike da hawaye, ban riƙe wurin da kyau ba. Na tsaya inda nake zato, na ɗauki layin gaba ɗaya na tura masa.

Ya kira nan take. "Wanne ne a ciki?"

Na ce, "Yaya, ban tabbata ba. Ɗaya daga cikin na tsakiyar nan ne."

Ina jin numfashinsa. Sannan ya ce, "To, kar ka kashe. Ɗaga wayar sama, ka juya ta wajensu."

Na ɗaga. Ina tsaye a rana, hannuna a sama, muryarsa tana fita daga Kano a kan kaburburan, yana yi musu addu'a su duka.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya sauƙaƙa masa hisabi. Mu da ya bari, Allah Ya daidaita tsakaninmu tun muna iya jin muryar juna.